Fom ɗin da ya cire Ɗayyabu

Assalamu alaikum. Shugaban taro Malam Sirajo, malamanmu masu daraja, iyayenmu mata, 'yan'uwa ɗalibai, da waɗanda makan, wato cin abinci, kawai ya kawo su nan Titiwangsa, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da aka ba ni minti biyar kafin shinkafa ta huce.

Sunana Zuhra, ina karatun halayyar ɗan Adam. Da kullen korona ya tsananta, ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan gida masu karatu a nan ƙasar waje ta ɗora mini shirya zaman tattaunawa ta waya duk Asabar domin masu ciwon damuwa. Gurbi takwas, masu nema ashirin. Sai na haɗa fom, ina ji da kaina, wai shi zai nuna mini wanda zaman zai amfana.

Kuskure biyu fom ɗin ya yi. Na farko, ya zaɓo masu baki. Sun zo, sun zuba, rabinsu kuwa ba su kai mako uku ba.

Na biyu, ya cire wani ɗalibi, Ɗayyabu. Wajen cike fom na kira shi na ce, "Kana samun barci?" Ya ce, "Alhamdulillahi." "Abinci fa?" "Alhamdulillahi, Malama." Na ba shi makin mai ƙoshin lafiya. Ashe mahaifiyarsa ta rasu a Zariya, babu jirgi, bai samu jana'iza ba. Wata biyu bai buɗe littafi ba, saura ƙiris a kore shi daga karatu. Ni 'yar Kano guda, na manta cewa mutumenmu ko a gadon asibiti yake, da godiya zai amsa. Har yau kunya nake ji.

Allah ya sa ɗaki ɗaya suke da Maitama, wanda fom ya zaɓa, Maitama kuma bai iya rage sautin waya ba. Ɗayyabu yana guga yana saurare. A mako na huɗu muka ji murya daga nesa: "Malama, boleh? An yarda in ce wani abu?" Minti ashirin yana magana, babu wanda ya katse shi. Daga ranar bai taɓa fashi ba, kuma makon jiya ya miƙa kundin digirinsa.

Don haka ina roƙonku, kada ku tsaya a amsar farko. Ku sake tambaya, ku sake tambaya, sannan ku yi shiru ku jira. Wata mai kamawa za mu buɗe sabon zama, wanda zai tarbi sababbi kuma shi ne wanda fom ya cire, shi da kansa ya ce in ambaci sunansa yau. Ɗayyabu, tashi su gan ka.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya yaye mana wannan annoba, ya mai da kowa gida da shaidar karatunsa a hannu. Na gode.