Baƙin Mai a Ƙofar Gidan Alhaji Tambari

Mutum uku zancen nan ya shafa: Sharifuddeen, saurayi mai jar mota, Alhaji Tambari, attajirin hatsi, da ɗiyarsa Ihsan, wadda ba ta wurin. Mazan biyu ba su san juna ba. A bencin wani gareji da ke hanyar Kalambaina na saurare su.

"Samari, mi ya samu motarka?" in ji Alhaji Tambari.

"Baba, sufacaja na sa mata don ƙarin gudu, sai ta kama yoyon mai. Bakanike ya wanke injin, ya barbaɗa hoda, ya tada ta. Inda hodar ta jiƙe, nan ne ciwon. Ashe robar bakin sufacajar ce ta cinye."

"To gudun, ina zuwa?"

"Ƙofar Dundaye, wajen Ihsan. Can ne ma damuwar. Inda nike ajiye mota, nan tsohon Ihsan ke shimfiɗa tabarma da maraice. An ce ya rantse ba ya ba mai motar nan ɗiya."

"Rigimamme ne kenan?"

"Sosai! Mai ne fa kawai, Baba."

"Farar shadda biyu ya ɓata mini."

Sharifuddeen ya zame daga bencin, ya durƙusa.

"Tashi, ɗana, ƙasan nan ma duk mai ne. A canza robar. Ka bar motar ta kwana bisa farin kwali. In an wayi gari babu ɗigo, ka turo manyanka."

Da girma na koyi rubutu. Wanda ya ga kuskure, don Allah ya gyara mini.