Kada Ka Bi Ta Rafi

A bakin tashar Kontagora, wani magidanci na durƙushe gaban babur ɗin lantarki, wani dattijo da ke wucewa ya tsaya a kansa.

"Malam, batirin ne ya mutu?"

"A cike yake, Baba. Ina murɗawa, ko motsi ba ya yi."

"Duba gindin ƙafar da ake jingine shi. In laka ta daskare a wurin, ba zai tashi ba."

Magidancin ya kankare lakar da makulli, ya murɗa, taya ta juya.

"Allah ya saka da alheri!"

"Ina zuwa?"

"Kumbashi. Mahaifiyata zan ɗauko, ba ta da lafiya. Na aro wannan ne don ba ya ƙara, mutanen daji ba za su ji ni ba."

"To kada ka bi ta rafi yau."

Magidancin ya miƙe a hankali. "Ya aka yi ka sani, Baba?"

Dattijon ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗana na hannunsu, shi ke gyara musu babura. Jiya ya samu ya kira ni. Tafi kawai, Allah ya ba ta lafiya."