Injin da Na Riƙa Ɗumamawa a Makango

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Iliya. Wasunku sun san ni da gyaran injin jirgi a nan Salaga, amma ba ku san abin da ya kai ni ga wannan sana'a ba.

Ni mutumin Bawku ne, direban babbar mota. Na daɗe ina ɗaukar hatsi da dabbobi zuwa Yendi da Salaga. Da motar ta mutu, ƙanin matata Ladi ya samo mini aikin tuƙa jirgin fito a kan tafki, daga Makango zuwa Yeji. Na ce ai inji inji ne, wanda ya iya babbar mota me zai tsorata da wannan ɗan abu da ake rataya wa jirgi a gindi?

A mota, ba ka tashi sai ka ɗumama inji. Haka maigidana ya koya mini, da mari ma. To kowace safiya sai in ɗaga ƙafar injin daga cikin ruwa don kada ciyawa ta naɗe farfela, in tayar da shi, in bar shi yana ta ihu har in gama shan koko. Ina alfahari da wannan, ina ganin sauran matuƙa ragwaye ne.

Ladi ta taɓa ce mini, "Maigida, cikin duk masu jirgi kai kaɗai ke wannan ƙara da safe. Ko za ka tambaya?"

Na ce mata ta ji da kifin da take sayarwa.

Ba a jima ba injin ya soma zafi a tsakiyar tafki. Na sauya fulogi, na ƙara mai, har na zargi mai sayar da fetur da haɗa shi da kananzir. Duk tunanin mota nake yi.

Ranar da naƙuda ta kama Ladi, ungozoma ta ce ɗan ya zo a gicciye, sai asibitin Yeji. Da rana tsaka muka kwantar da ita a jirgi. Mun yi nisa, ba gaɓar baya ba ta gaba, sai na ji warin roba. Murfin injin ya ƙona mini tafin hannu, sannan ya mutu.

Na ja igiyar tada injin har hannuna ya yi jini. Ladi ta daina kuka, kuma wannan shirun ya fi kukan tsoratar da ni.

A lokacin ni Kirista ne na ranar Kirsimeti kawai. Amma na durƙusa cikin ruwan da ke ƙasan jirgi na ce, "Yesu, ban san wannan injin ba, ban san wannan ruwan ba. Kada ka bar ta ta mutu a hannuna." Ban gama ba sai ga wasu masunta biyu sun ɓullo daga cikin matattun itatuwan nan na tafki. Suka ɗaura mana igiya, suka ja mu da filafili.

Likita ya ceci Ladi. Ɗan kuwa, namiji, likitan ya ce mun makara.

Bayan mako guda na kai injin wurin Malam Seidu fita, wato makanike. Ya tambaye ni, "Yana fitsari?" Ya nuna mini wani ɗan rami a bayan injin, inda ruwa ya kamata ya riƙa tsartuwa muddin yana aiki. Ban taɓa duba wurin ba. Ya kwance ƙafar, ya fito da wata 'yar roba mai fukafukai, ita ce ke zuƙo ruwan tafki ta sanyaya inji. Ta ƙone, fukafukan duk sun gutsure.

Ya dube ni ya ce, "Massa Iliya, kana tada shi a waje, ba ruwa?"

Nan na gane ɗumamawar da nake yi kowace safiya ce ta ƙona ta.

Daga nan na faɗa giya. Shekara biyu ban iya haɗa ido da Ladi ba. Ita ce ta zo ta same ni a gidan burukutu, ta zauna kusa da ni a gaban kowa, ta ce, "Na roƙi Ubangiji ya bar mini ɗaya daga cikinku. Kada ka sa in rasa duka biyun." Ta yi mini addu'a a wurin. Tun ranar ban sake sa giya a bakina ba. Na koma wurin Malam Seidu na zama ɗan koyo da furfurata.

Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu zuciyata na ciwo. Da na yi tambaya ɗaya tak a bakin ruwa, da yau yaron yana zaune cikin 'yan makarantar Lahadi. Ubangiji ya gafarta mini, amma bai shafe mini tunanin ba, kuma na daina roƙonsa ya shafe.

Na gode wa Yesu da ya aiko masunta, ya kuma bar mini Ladi. Ga ta can a layi na biyu. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, tun kuna bakin gaɓa. Kuma in na kusa da ku ya ce ku tambaya, ku tambaya. Amin.