Hantar Fasto Malakai

A bencin wani ƙaramin asibiti a tsibirin Vava'u na ƙasar Tonga, Fasto Malakai yana ta juya takardar gwajinsa yana hararar ƙofar likita. Wata dattijuwa da bai sani ba ta zauna kusa da shi.

"Fasto, kai ma sukarin ne?"

"Wai kitse ya lulluɓe min hanta, shi ya sa jikina ya daina jin insulin. Hanta fa, ciwon mashaya. Ni da ko ɗanɗana giya ban taɓa yi ba! Akwai dai wanda ya ɓata ni wurin likitar nan."

"Mijina ma bai taɓa sha ba. Haƙarƙarin tunkiya mai kitse ne ya kai shi kabari."

"Zancen likitoci ke nan. Duk Lahadi gida tara ke aiko min da abinci. Na wa zan mayar, a ce na raina shi?"

"Duka kake cinyewa?"

"Baiwar Allah, kin cika tambaya. Likitar ce ta turo ki?"

"Ba wanda ya turo ni. Shekara ashirin ina zaɓar wa fastonmu wurin da ya fi kitse, don neman albarka."

"To, ya yake yanzu?"

"Kabarinsa na kusa da na mijina."