Bari Ta Ƙara Hucewa

A rumfar wani mai gyaran waya kusa da Ƙofar Atiku, Malam Attahiru na zaune kan benci, rungume da tsohuwar tabulet ɗinsa cikin jiƙaƙƙen tawul. Wani dattijo da ke jiran layi a gefensa ya leƙo.

"Malam, lafiya ka naɗe ta kamar mai masassara?"

"Zahi taka yi, Alhaji. Da rana ta take sai ta mace. Bisa randa nika aza ta, ta sha sanyi."

"Mai araha ka saya ke nan."

"Araha? Sai da na sai da ragona. Yanzu kuma manhajar kiran bidiyo ta ƙi hawa, wai abin ya tsufa. Ɗiyata Nabila na aure Legas, rabona da huskarta tun azumi. Na san tana ta kira, shiga na ba ya yi."

"Tawa ta kai kuɗin bijimi. Ba ta zahi, kuma babu manhajar da ba ta ɗauka. Don ɗana Gazali na saye ta, yana Abuja."

"To, mi ya kawo ka wurin gyara?"

Alhajin ya jujjuya tasa a hannu, sabuwa fil, ko ledar fuskar ba a ɓare ba.

"Lasifikar nika so a duba. Ba ta ƙara in ya kira."

"Ko kaɗan?"

"In wasu sunka kira, tana yi."

Malam Attahiru ya sunkuya ya dubi tasa cikin tawul. Can mai gyara ya miƙo masa hannu.

"Baba, kawo taka mu gani."

Malam Attahiru ya ƙara ja mata tawul ɗin.

"Bari dai ta ƙara hucewa tukuna."