Tsinken Auduga a Hanci

A ɗakin jiran sakamakon gwaji, wani dattijo mai hankici a hannu yana zaune kusa da wata mata. Ita ta fara magana.

"Baba, kai ma sun zura maka tsinken audugar nan a hanci?"

"Har ƙwaƙwalwa, 'yata! Wai duk don a gane irin murar. Shekara arba'in, mai ɗakina bayan hannu kawai take ɗora min a goshi, ta ce, 'Wannan ta kwana uku ce, tashi ka daina raki.'"

"Haka mahaifiyata. Daga kicin take jin tarinmu, ta san wa zai je makaranta, wa ke ƙarya. To ina Maman, ba ta duba ka ba?"

"Ta rasu bara."

"Allah ya jiƙan ta. Wa ya turo ka?"

"Autata. Ta haihu shekaranjiya, ta rantse ba zan ɗauki jaririyar ba sai da takarda. Ni da na yi rainonta!"

"Ta yi daidai, Baba."

"Na sani. An ce yarinyar kakarta ce sak, marigayiyar. Shi ya sa na ƙagu."

Ma'aikaciya ta miƙo masa takarda. Ya laluba aljihu, babu tabarau. Ya miƙa wa matar da ke kusa da shi.

"Karanta min, 'yata."

"Murar mai zafin ce, Baba. Sun ce ka nisanci yara mako guda."

Ya ninke hankicin.

"To. Ɗakin nasu akwai taga. Zan tsaya daga waje."