Rabin Fim ɗin Baba

A tashar Gumel, ana jiran motar Maigatari ta cika, wani dattijo ya leƙa wayar budurwar da ke gefensa.

"'Yata, wannan ba tsohon fim ɗin yaƙin nan ba ne, wanda soja ya tsallakar da masoyiyarsa kogi a kwalekwale, ana ruwan harsashi?"

"Shi ne, Baba. Daga wani shahararren littafi aka ɗauko shi."

"Tun ina saurayi na kalle shi a silima a Kano! Suna tsallakewa aka kunna fitilu, na ruga na kama motar gida. Har gobe in mun saɓa da mai ɗakina, Lauratu, su nake kawo mata misali."

"Baba, ai hutun rabin lokaci aka tafi. Da saura."

"Wane saura kuma?"

"Bayan yaƙin sojan ya gaji da halinta, ya ɗau jakarsa ya yi gaba. Ita kuma ta auri mai kwalekwalen."

"Mai kwalekwalen! Wannan mai gemun?"

"Shi fa. In mayar maka ka gani?"

"A'a, kashe wayar nan, don girman Allah. Ga Lauratu can tafe da awara, kuma tun muna amarci Soja take kirana."